Faranti na Uku

A gidanmu akwai farantai shida masu zinariya a baki, kuma ba a sauko da su daga kan kabad sai ranar fafanga, wato ranar da layin ciyar da 'yan mishan ya zagayo kanmu. Tun ina 'yar shekara tara nake wanke su, ban taɓa cin abinci a cikin ko ɗaya ba. Yayyena biyu, Lopeti da Semisi, sun ci a cikin irinsu a gidajen mutane har suka gaji, ɗaya a Filifin, ɗaya a Papua. Hotunansu na nan a bangon falo, kowanne da baƙin bajonsa a ƙirji, da taswirar ƙasar da aka tura shi a gefe.

Ranar da tawa takardar kiran mishan ta zo, an gasa alade. Gwaggo Kalolaine, yayar Baba, ta taso tun daga Nuku'alofa, babban birnin tsibirinmu, da tabarmar ƙugu ta al'ada da ta yi wata huɗu tana saƙa mini, domin in ɗaura ranar rakiya a filin jirgi. Kowa ya san likita ya rubuta farfaɗiyata a cikin takardun neman tafiyar, amma da yake na yi shekara ɗaya da rabi ban faɗi ba, sai muka ɗauka magana ta wuce. Mata suna ta canke, wannan ta ce Hawai, waccan ta ce Fiji. Na tsaya a tsakiyar falo na karanta. An kira ni mishan na hidima, wata goma sha takwas, zan zauna a gidan iyayena in yi aiki inda shugabanni suka sa ni.

"A ina?" in ji Gwaggo. "Sake karanta wurin, ban ji sunan garin ba."

"Nan ne, Gwaggo. Matahau."

"To ai nan kike."

Baba ya kalli tafin hannunsa, sannan ya ce, "Duk aikin Ubangiji ne. A yi addu'a a ci abinci." Aka cinye aladen nan tas, don ba shi ya yi laifi ba. Akwatin da aka tanadar mini kuwa, Mama ta zuba zannuwan gado a ciki ta tura ƙarƙashin gadonta.

Labarin da zan ba ku ya faru a satina na shida. Kullum ina tashi shida da rabi in yi karatu kamar yadda doka ta ce, in haɗiye ƙwayata, in ɗaura tabarmar ƙugu, in maƙala bajo, in hau bas zuwa rumbun coci inda ake tara kayan agaji saboda lokacin guguwa. Mai kula da ni a can Sista Funaki ce, tsohuwar malamar makaranta mai ciwon gwiwa, wadda ke mulkin rumbun nan gaba ɗaya daga kan kujera. Ina kwance dilolin gwanjo, in ware na yara da na manya, in jera gwangwanaye, in cika bokitai da sabulu da ashana da bargo. Talata da Alhamis da rana kuma ina asibiti ina tura keken marasa lafiya daga wannan ƙofa zuwa waccan. Ba wa'azi, ba ƙwanƙwasa gidajen mutane, ba baftisma. Lopeti ya dawo da hotunan mutum goma sha tara da ya yi wa baftisma, cikin fararen kaya a bakin ruwa. Ni in na gama, sai dai in kawo hoton gwangwani.

Ba aikin rumbun ne ya fi gajiyar da ni ba. In na sauko daga bas ƙarfe biyar, ƙafafuna kamar na aro, kafin in cire takalmi Mama ta hango ni.

"Lesi, tunda kina gida, kwashe shanyar nan kafin ruwa ya sauko."

"Lesi, tunda kina gida, fasa wa aladu kwakwa."

Da yawan faɗa yana cinye magana, da wannan ta ƙare tun satin farko. Kulawar Mama inuwar giginya ce, na nesa ka sha. Lokacin da yayyena ke can, ranar Litinin ba ta zuwa ko'ina. Tana zaune da waya a cinya tana jiran saƙonsu, ta karanta ta yi kuka, ta fita ta sake karanta wa maƙwabta ta sake yin kukan. Ni ba ta taɓa tambayata abin da na yi a rumbu ba. Ban ga laifinta sosai ba, amma abin yana yi mini ciwo.

A coci ma haka. 'Yan matan da muka taso tare suna kallon bajona suna murmushi. Ɗaya ta ce, "Ke kam kin more, Lesi, mishan da katifar gida." Wata tsohuwa kuma duk Lahadi sai ta kama hannuna ta ce, "To yaushe ne tafiyar?" Na gaji da yi mata bayani, yanzu cewa nake yi, "An kusa." Na zama jemage, ba na cikin tsuntsaye ba na cikin dabbobi, in an ce 'yan mishan su miƙe sai in rasa ko da ni ake.

Bajon nawa mai maganaɗisu ne. In na dawo nakan manna shi a jikin firij don kada ya faɗa ruwan wanke-wanke. Wata rana na tarar Mama ta danne wata takarda da shi. Ga sunana nan, Sista Pahulu, da sunan coci a ƙasa, suna riƙe da takarda kada iska ta ɗauke. Na duba, takardar layin fafanga ce. Gidanmu Alhamis mai zuwa, 'yan mishan mata, biyu.

Ban gaya wa kowa ba, amma a gaban firij ɗin nan na yanke wa kaina hukunci. Ranar Alhamis zan ga farantai nawa za a sauko da su. In uku ne, zan ci gaba. In biyu ne, Juma'a zan ce wa Sista Funaki a sallame ni, in zauna a gida da hujja kamar kowace 'yar da ba ta je ko'ina ba. Na san wauta ce mutum ya rataya wata goma sha takwas a bakin faranti. Amma na gaji, kuma gajiyayye ba ya neman shawara.

Alhamis da safe Mama ta ce in roƙi Sista Funaki ta sake ni da rana, aiki ya yi mata yawa. Haka na bar keken marasa lafiya na dawo gida na goge kwakwa goma sha biyu har yatsuna suka yi jini. Muka naɗe lu, ganyen gwaza da nama da madarar kwakwa, ƙulli ashirin. Baba ya haƙo doya mafi girma a gonarsa, ya hura ramin gashi a bayan gida. Gwaggo Kalolaine ta iso ƙarfe uku, don ba a yin fafanga a gidan ƙanenta ba ta zo ta ga kuskure ba. A wurinmu yayar uba ita ce wuƙa ita ce nama, ko Baba in tana magana rage murya yake yi.

"Lesi, hau ki sauko da farantan nan," in ji Mama.

Na taka kujera. "Guda nawa, Mama?"

"Kamar ya guda nawa? Ba ki ga takarda ba? Biyu."

Na ɗauko biyu, hannuna ya tsaya a kan na ukun. "Na ce ko..."

"Ko me? Bishop zai zo ne?"

"A'a."

"To sauko mini a hankali. Kin ma sha ƙwayarki yau kuwa? Kada ki faɗo mini da su."

Na sauko. Sai kuma zuciyata ta ce wataƙila Baba zai gyara, ai shi ne mai gidan. Na je na ɗauko bajon daga jikin firij na maƙala a ƙirji da gayya, a kan rigar da ke warin hayaƙi.

Ƙarfe biyar suka iso, Sista Uhila 'yar tsibirin Vava'u da Sista Barlow 'yar Amurka, wadda rana ta mayar da fuskarta ja kamar tumatir. An shimfiɗa ganyen ayaba a kan tabarma, an jera doya da lu da kifi da ɗan alade guda sukutum, ga kankana da aka dama da kwakwa a babban kwano. Aka zaunar da su a gaban farantai biyu. Masu gida ba sa ci tare da 'yan mishan. Mama da Gwaggo suka zauna a gefe, Baba ya harɗe ƙafa can bakin ƙofa, ni kuma na durƙusa a bayan baƙi da mafici ina korar ƙuda, inda nake durƙusawa tun ina 'yar shekara tara.

Baba ya yi gyaran murya. Jawabin nan na hardace shi, ko a barci aka tashe ni zan kawo shi. Shi ma ya yi mishan yana saurayi a ƙananan tsibiran Ha'apai, inda ya taɓa kwana uku ba abin da ya shiga cikinsa sai kwakwa, har wani tsoho ya yanka masa kazarsa tilo. Tun daga nan bai taɓa barin layinsa ya wuce ba.

"Ku yi haƙuri, bayin Ubangiji," in ji shi, "kun shigo gidan da ba komai. Ƙasa ta yi tauri bana, teku ta hana. Abin da ke gabanku ba abinci ba ne, kunyarmu ce muka shimfiɗa. Iyayenku suna can nesa. Sun ba da ku, suna kwana da tunanin ko kun ci. Yau mu ne iyayenku. Ku ci, domin labari ya kai musu ba a bar ku da yunwa ba."

Muryarsa ta karye a inda ta saba karyewa. Sista Barlow, da ba ta jin rabin abin da aka faɗa, ta share hawaye. Da ta waiwayo neman ruwa sai idonta ya sauka a ƙirjina. Ta matsa gefe da sauri, ta bubbuga tabarma da hannu, ta haɗa 'yan kalmomin da ta iya.

"Sista Pahulu, zo. Zauna. Ke ma mishan."

Alheri ta yi niyya, na sani, amma da ta san abin da ta tono da ta yi shiru. Sista Uhila, da ta san gari, ta zungure ta da gwiwar hannu ta tsura wa doya ido. Gwaggo ta yi dariya har tabarmar ƙugunta na motsi.

"Allah sarki, 'yar mutane, ba ta sani ba. 'Yar gida ba ta zama baƙuwa a gidan ubanta. In ta zauna wa zai kori ƙudan? Ni?"

"Za ta ci daga baya, mu da ita," in ji Mama.

Na kalli Baba. Ya kalli bajon, ya kalli yayarsa, ya mayar da ido ƙasa.

"Ku ci, Sista," na ce. "Na ƙoshi." Na ci gaba da fifita da ƙarfi har ganyen ayaba yana ɗagawa.

Da suka gama aka ƙulle musu abin da za su tafi da shi, muka ci ragowar a kicin cikin kwanonin roba. Na wanke farantai biyu, na goge, na taka kujera na mayar da su kan 'yan'uwansu huɗu. Na ɗauka zan yi fushi, sai na tarar ko ƙarfin fushin ba ni da shi. Na cire bajon na manna a firij. Baba yana tsaye a wurin da kofin ruwa a hannu, yana kallona.

"Lesi."

"Na'am, Baba."

Ya juya kofin a hannunsa. "Sannu da aiki."

"Yawwa," na ce, na wuce.

Juma'a da safe na bar bajon a inda yake na hau bas. Sista Funaki ta kalle ni ta saman tabarau tun kafin in gaishe ta.

"Ina sunanki? Ko guguwa ta riga ta zo ban ji ba?"

"Sista, ina so mu yi magana."

"Bayan abincin rana. Ni ba na sauraron mai yunwa, duk maganarsa ƙorafi ce. Ga diloli goma sha ɗaya an sauke jiya, fara da na bakin ƙofa."

Na fara. Ina ware wandunan mutanen da ban sani ba, ina tsara abin da zan faɗa mata. Ba zan kawo maganar faranti ba, don za ta yi mini dariya. Zan ce jikina ne, kowa zai yarda, har a tausaya mini.

Rana ta take tsaka na ji tarin tsohuwar akori-kurar Baba a waje. Ba mai irin tarinta a tsibirin nan. Na leƙa, sai ga Baba. Ya sa farar riga da laktaye, ya ɗaura tabarmar ƙugunsa ta Lahadi, ranar Juma'a da tsakar rana. Na fita a guje.

"Baba, lafiya? Mama ce? Wa ya rasu?"

Ko kallona bai yi ba. Ya sauko da kwandon ganyen kwakwa, ya wuce ni ya rusuna a gaban kujerar Sista Funaki.

"An ce mini akwai 'yar mishan a nan da aka manta ba a sa ta a layi ba."

Sista Funaki ta kalle shi ta saman tabarau. Sannan ta ce, "Akwai guda. Sati shida tana cin busasshen biskit a bayan diloli, ta ɗauka ba na gani."

"To a ba ni izini."

"An ba ka, Manase. Ka ma makara."

Ya shimfiɗa tabarma a ƙarƙashin mangwaron da ke bakin rumbu, ya ɗora ganyen ayaba. Ba ragowar jiya ba ce. Doya ce sabuwa tana tururi, da lu, da kaza, na gane jan zakaran nan ne da ke tashinmu da asuba. Daga ƙarshe ya ciro wani abu naɗe cikin zanen gado. Na san zanen, yana cikin waɗanda ke akwatina a ƙarƙashin gadon Mama, kuma ba mai jawo akwatin nan sai ita. Ya warware a hankali ya ajiye faranti mai zinariya a baki. A gefensa ya ajiye bajona. Sannan ya ja da baya taku uku, ya harɗe ƙafa a kan tsurar ƙasa.

Direbobi biyu da ke sauke kaya sun tsaya suna kallo. Kunya ta rufe ni.

"Baba, don Allah tashi, mutane na kallo. Za ka ɓata tabarmarka."

"Zauna, Sista," in ji Sista Funaki daga kan kujerarta. "Ba a barin mai fafanga yana jira."

Na zauna. Ban san inda zan sa hannuwana ba, don ban taɓa zama ta wannan gefen ba. Baba ya yi gyaran murya.

"Ki yi haƙuri, Sista Pahulu, baiwar Ubangiji. Ƙasa ta yi tauri bana, teku ta hana. Abin da ke gabanki ba abinci ba ne, kunyarmu ce muka shimfiɗa. Iyayenki suna can..."

Ya tsaya. Shekara talatin yana faɗin jawabin nan bai taɓa ɓata masa ba, yau ya rasa hanya. Ya kalli ƙasa, ya goge fuska da tafin hannu.

"Iyayenki ba su da nisa," ya ce. "Shi ya sa. Sun ba da biyu, suka yi kukansu a filin jirgi kowa ya gani. Ta ukun sun ba da ita ba su sani ba, suna ta aikenta. A gidansu ba za su iya zaunar da ke ba. 'Ya ce ke a can, kuma ba ni zan karya wannan ba. Amma nan ba gidansu ba ne. Ki ci, domin labari ya kai musu ba a bar ki da yunwa ba."

Ya tsinko reshen mangwaro ya matso yana kore mini ƙuda. Bai iya ba, rabin fifitar a fuskata take ƙarewa.

Na ci. Da farko hawaye na ɗiga a kan doyar, daga baya yunwar sati shida ta taso na ci ba ji ba gani. Farantin faranti ne kawai, bai ƙara wa kazar komai ba. Har na ga 'yar tsagar da ke ƙasansa, wadda ni na yi ta ina shekara goma sha uku na ɓoye shi a ƙarƙashin sauran. Ban yi farin ciki irin na tsalle ba. Sai dai wani abu da ya daɗe a ɗaure a ƙirjina ya ɗan sassauta, na ji barci ma nake ji.

Da na gama, Sista Funaki ta ce, "Kin ce muna da magana."

Na ɗauki bajon na maƙala. "Dilolin nan ne, Sista. Ba za su ƙare yau ba."

"Wa ya ce miki yau za su ƙare? Akwai Litinin."

Baba ya naɗe tabarma, ya zuba ganye a kwando. Na miƙa hannu in ɗauki farantin in kai famfo, kamar yadda na saba shekara goma sha biyu. Ya riga ni, ya janye shi, ya naɗe shi cikin zanen gadon da maiƙonsa da komai.

"Mamanki ta ce a kawo mata shi haka," in ji shi. "Ita za ta wanke."

Akori-kurar ta yi tari sau uku kafin ta tashi. Na tsaya har ta sha kwana, sannan na koma ciki. Diloli bakwai suka rage, ƙafafuna kuma ba su daina ciwo ba. Na ɗauki wuƙa na yanke igiyar na gaba.